Gawayi, girafit ko inoks: wanne za a binne a batirin bakteriya?

Tukwanen ƙasa biyu ta shigo da su labo, wato ɗakin gwaji, a cikin kwali, ta lulluɓe su da tsohon zane saboda ƙura. Ɗaliba ce da ke aikin kammala karatu a kan batirin bakteriya, wannan 'yar na'ura da ake zuba wa laka ko ruwan kwata, ƙwayoyin bakteriya su ci dattin da ke ciki su saki lantarki. Ta ɗora mita, lamba ta haura volt 1.

"Malam, ku duba, ta yi! Jiya da la'asar na haɗa ta."

Da na ji "jiya" sai jikina ya yi sanyi. Na ce, "'Yata, me kika binne a cikin lakar?" Ta ce guntun kwanon rufi ne da ta samo wajen masu walda. Na sa ta ta sake ɗebo laka, ta tafasa ta sosai, ta haɗa wata tukunyar da irin kwanon. Washegari mita ta nuna kusan abin da ta nuna jiya. Wutar ba ta bakteriya ba ce. Tutiyar da aka shafe kwanon da ita ce ke narkewa, kamar yadda take narkewa a cikin pil ɗin tocila.

Tun daga ranar nake son in zauna in rubuta wannan, domin kusan duk wanda ya zo mini da irin wannan aiki a nan Maradi, tambayarsa ɗaya ce: wane abu zan sa a anod? Anod shi ne ɓangaren da ake binnewa inda babu iska, shi ne gidan bakteriya. Katod kuwa shi ne wanda ke waje yana shan iska.

Dole a fara gane me bakteriya ke yi da anod kafin a zaɓa musu. Mu mutane idan jiki ya ƙona abinci, a kan oksijin yake sauke elektron ɗin da suka fito, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu ke zama lantarki. A ƙarƙashin laka babu oksijin, don haka wasu bakteriya suka iya sauke nasu a kan abu mai tauri da ke wajen jikinsu, musamman tsatsar ƙarfe. Derek Lovley ya fito da irin wannan bakteriya mai suna Geobacter daga lakar kogin Potomac a Amurka a 1987, shekara ɗaya bayan haka aka samo wata mai suna Shewanella a tafkin Oneida, shi ma a Amurka. Tun 1911 Michael Potter a Durham ta Ingila ya lura cewa ƙananan halittu na iya ba da lantarki, amma sai a 1999 Byung Hong Kim da abokan aikinsa a Koriya ta Kudu suka nuna cewa Shewanella na iya miƙa elektron ga anod ba tare da an zuba wani sinadari mai kai saƙo ba. To anod yana tsayawa ne a madadin wannan tsatsa. Bakteriya su manne masa, su yi yana a kansa kamar yanar da ke taruwa a kan madara, elektron su bi waya su tafi katod su haɗu da iska.

Wannan aiki yana da iyaka. Tsakanin asetat, abincin da aka fi ba su a gwaji, da oksijin, lissafi bai wuce kusan volt 1.1 ba. A zahiri, tukunya mai lafiya tana ba da volt 0.6 zuwa 0.8 idan ba a ɗora mata komai ba, kuma sai ta yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ta kai nan, domin yana ba ta tsira dare ɗaya. Duk tukunyar da ta haura volt 1 a ranar farko, a duba ƙarfen da ke cikinta.

Abubuwa huɗu nake tambayar kowane abu da aka kawo mini. Kuran, wato wutar lantarki, na bi ta cikinsa da sauƙi? Bakteriya na da wurin shiga su zauna? Zai yi wata shida a cikin ruwan datti bai narke ba, bai kuma kashe su ba? Sannan, idan ya lalace, ana iya samun wani a garin nan? Babu wani abu guda da ya ci duka huɗun, shi ya sa ake zaɓi.

Sandar girafit ta cikin pil

Wannan ita ce mafi sauƙin samu. A fasa tsohon babban pil irin na tocila da rediyo, mai jikin tutiya, za a tarar da baƙar sanda a tsakiya, ita ce ta girafit, wani nau'in kabon. Pil ɗin alkalin ba shi da ita, kada a wahala, kuma kada a kusanci fasa na litiyam. A kankare baƙin garin da ya manne mata, a goge da takardar yashi, a tafasa ta sau biyu ko uku domin kakin da aka jiƙa ta da shi ya fita, a cire hular ƙarfen da ke kanta. Kuran na bi ta cikinta da kyau, ba ta tsatsa, ba ta cutar da bakteriya. Aibinta ɗaya ne, amma babba: sumul take, bayanta kawai bakteriya ke iya zama. A 2003 Swades Chaudhuri da Lovley sun gwada sandar girafit da bargon girafit, bargon ya ba da kuran kusan ninki uku, kuma dalilin bai wuce yawan wurin zama ba. Ni a wajena amfanin sandar pil biyu ne: ta zama ma'auni da za a gwada sauran da ita, kuma ta zama jijiyar da ke kwaso kuran daga wani abu mai ramuka. Bakin fensir ba ya maye gurbinta, domin an cakuɗa shi da yumɓu.

Ƙyalle, bargo da buroshin kabon

Waɗannan su ne kayan da manyan labo na duniya ke aiki da su, kuma babu ɗayansu da za ka shiga babbar kasuwa ka saya. Sai an yi oda an jira. Ƙyallen kabon saƙaƙƙe ne kamar yadi, yana lanƙwasuwa, amma irin wanda aka yi domin batirin haidurojin tsada ne da shi. Wani bincike na 2009 daga ƙungiyar Bruce Logan ta jami'ar jihar Pennsylvania ya sa kuɗinsa kusan dalar Amurka 1000 a murabba'in mita ɗaya, alhali ragar kabon, wadda saƙarta ta fi faɗin ido, ba ta wuce dala 50 ba, kuma da aka gyara ta da zafi ta kusa kama shi a aiki. Bargon kabon kauri gare shi, zare ne a cukurkuɗe, ruwa na ratsa shi, bakteriya su shiga ciki. Sai dai a ruwa mai gari da yawa, kamar na mahauta, cikin bargon kan toshe, a koma bayansa kawai ke aiki.

Buroshi ya fi su duka dabara. Zaren girafit ne aka murɗe a tsakanin wayoyin titaniyam biyu, ya fito kamar buroshin wanke kwalba. Ba ya toshewa da wuri domin zaren a buɗe yake, kuma kowane zare yana da hanya gajera zuwa waya. Logan da abokansa suka fito da shi a 2007, suka samu miliwat 2400 a murabba'in mita. Zan dawo kan wannan lamba, domin ta ruɗi mutane da yawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne gyaran da ake yi wa waɗannan kaya kafin a sa su, kuma mafi arha shi ne ya fi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Zaren kabon yana fitowa daga masana'anta da wani shafi a jikinsa da ke hana shi jiƙa. Ka ɗiga ruwa a kan sabon bargo, za ka ga ɗigon ya tsaya yana gangarawa kamar a bayan agwagwa. Inda ruwa bai shiga ba, bakteriya ba ta shiga. A sa shi a murhun labo a digiri 450 na minti 30, a cikin iska, shafin ya ƙone, jikin zaren ya yi kaushi. A sake ɗiga ruwa, sai ya shanye nan take. Wannan gyara yanzu ya zama ruwan dare a fannin.

Akwai mai jiƙa shi a asid, wanda ke ƙara masa son ruwa. A 2010 Yujie Feng da abokan aikinsa sun haɗa asid da zafi a kan buroshi, ƙarfin ya tashi daga miliwat 1020 zuwa 1370 a murabba'in mita, ƙarin kashi 34 cikin ɗari. Amma zafi shi kaɗai ya kawo kaso mafi yawa na wannan ƙari. Ɗalibin da ba shi da safar hannu ta kirki, da tabarau, da wurin da hayaƙi ke fita, ban yarda ya taɓa asid mai ƙarfi saboda ɗan abin da ya rage ba. Sai kuma amoniya: Shaoan Cheng da Logan a 2007 sun gasa ƙyallen kabon a digiri 700 a cikin iskar amoniya kashi 5 cikin ɗari da aka gauraya da hiliyam. Fatar bakteriya tana ɗauke da cajin da ake kira nagatif, gyaran ya sa jikin ƙyallen ya ƙara zama fozitif, sai suka manne da wuri, lokacin jira ya ragu da rabi, ƙarfin ya kai miliwat 1970. Kyakkyawan aiki ne, amma yana bukatar murhu mai bututu da tulunan gas. Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce a sa naitirojin, wanda shi ne amoniya ke ƙara wa kabon, tun wajen ƙona abin da za a yi anod da shi, kuma masu bincike da yawa da yuriya suke yin haka, wadda kowane manomi ya san buhunta.

Ba zan daɗe a kan girafin, da bututun kabon na nano, da foliyanilin ba, ko da yake su ne ɗalibai suka fi zuwa da sunansu a baki. Gaskiya ne shafa su a kan anod yana ƙara kuran a gwajin labo. Amma sayensu tsada, haɗa su na bukatar sinadarai masu guba kamar anilin, shafin kan ɓare bayan wani lokaci, kuma foliyanilin yana rage kai kuran idan ruwa ba mai tsami ba ne, alhali bakteriyan nan ruwa tsaka-tsaki suke so. Sannan idan ba ka da na'urar da za ta nuna cewa shafin ya zauna yadda ka ce, me za ka kare a gaban malamai? Wanda ke da haɗin gwiwa da labo mai kaya, bismilla. Wanda ba shi da shi, kuɗinsa za su fi yi masa amfani a wani wuri.

Ƙarafa

Dalilin da ya sa mutane ke komawa ga ƙarfe a fili yake. Jan ƙarfe ya fi girafit kai kuran ninki ɗaruruwa, inoks, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, shi ma ya fi girafit nesa ba kusa ba, ga shi ana walda shi, ana lanƙwasa shi, ba ya karyewa. A ƙaramar tukunya wannan bambanci ba ya bayyana sosai, amma idan anod ya kai tsawon hannu, kabon shi kaɗai yana cinye wani ɓangare na wutar a hanya.

Tutiya, alminiyam da baƙin ƙarfe, a cire su daga lissafi gaba ɗaya, narkewa suke yi suna ba da wutar ƙarya. Titaniyam ba ya narkewa, amma yana yin wata fata da ke sa bakteriya ba sa samun kuran mai kyau a kansa, don haka waya ake yi da shi, ba gida ba. Jan ƙarfe shi ne mai gardama. A 2014 Xiuping Zhu da Logan sun nuna cewa yana ba da kuran mai yawa da farko saboda cin da ruwa ke yi masa, daga baya ya hana bakteriya yin yana, ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas. A 2015 kuma ƙungiyar Uwe Schröder a Braunschweig ta Jamus ta nuna cewa jan ƙarfe da azurfa na iya ɗaukar yana su kama girafit ko su wuce shi. Dukansu gaskiya suka faɗa. Na Jamus sun riƙe anod da na'ura a matakin da jan ƙarfe ba ya narkewa, cikin ruwan da aka kore iska daga cikinsa. Tukunyarmu da rezistans ɗaya kawai take aiki, ɗan abin nan da ke rage gudun kuran, iska na kutsawa ta jikin ƙasa, babu mai riƙe komai. A irin wannan hali jan ƙarfe guba ne. Ko wayar da aka haɗa anod da ita, idan ta jan ƙarfe ce, a rufe mahaɗar da gam ɗin Araldite har sai babu inda ruwa zai taɓa ta. Na sha ganin aiki na wata biyu ya lalace saboda kore-koren da ya fito a wannan mahaɗa.

Inoks shi ne ƙarfen da za a iya magana a kansa da gaske. Nau'in 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, nau'in 316 an ƙara masa molibdinam don ya jure gishiri. Kuromiyam ɗin ne ke yi masa siririyar fata da ke hana tsatsa, kuma ita wannan fatar ce ke rage wa elektron hanya, shi ya sa inoks sumul ba ya kama girafit. A 2014 Kun Guo da abokan aikinsa sun ƙona bargon inoks da harshen wuta, jikinsa ya yi ƙananan ƙwayoyin tsatsa, wadda dama ita ce Geobacter ta sani, kuran ya ninka sau da yawa. Wannan gyara kowane mai walda zai iya yi a minti kaɗan. Amma abin da ka ƙone shi ne garkuwarsa, don haka a ruwa mai gishiri, kamar na majema, zai fara cin kansa, kuma wani ɓangare na kuran ɗin da za ka gani na tsatsa ne. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana jan hankali saboda arha da yawan lunguna, sai dai ba duka ne inoks na gaske ba. Kafin a amince da shi, a jiƙa shi a ruwan gishiri na mako ɗaya. Idan ruwan ya yi ja, a mayar da shi madafa.

Gawayi, amma ba kowane ba

Nan ne zuciyata take, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya ji an ce kabon, sai ya sayo gawayi a bakin hanya ya daka ya zuba. Ɗauki mita, juya ta wajen auna om, ma'aunin yadda abu ke tare kuran, ɗora tsinkayenta biyu a kan guntun gawayin shayi. Sau da yawa ko motsi ba za ta yi ba, ko ta nuna dubbai da miliyoyin om. Gawayin da ake binnewa a rami ba ya cika wuce digiri 400 zuwa 500, kuma a wannan zafi kabon bai jeru yadda kuran zai bi ba. Sai zafi ya haura kusan 700 zuwa 800 sannan hanya ke buɗewa, a 1000 kuwa ya zama abu dabam. A 2014 Tyler Huggins da Zhiyong Ren a Colorado sun gwada gawayin itace da aka ƙona da zafi mai yawa, ya ba da miliwat 532 a murabba'in mita, tsakuwar girafit ta ba da 566, gawayin tace ruwa na masana'anta ya ba da 674. Tazarar ba ta da yawa, kuɗin kuwa ba a haɗa su.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne faɗin jiki. Za ka karanta cewa giram ɗaya na gawayin tace ruwa yana da faɗin murabba'in mita 1000, ka ce to ai an gama. Amma yawancin wannan faɗi yana cikin ramukan da ba su kai nanomita 2 ba, alhali ƙwayar bakteriya ɗaya tana da tsawon nanomita 1000 zuwa 2000. Kamar a nuna wa raƙumi ramin tururuwa ne a ce ga ɗaki. Yanar kanta tana yin kaurin mikiromita gommai, kuma tana bukatar abinci ya shiga, tsamin da take fitarwa ya fita. Ramin da ke da amfani shi ne wanda ido ke iya gani, daga kusan rabin milimita zuwa sama. Shi ya sa siffar abin da aka ƙona ta fi sunansa muhimmanci.

Kuma abubuwan da suka fi kyan siffa suna tsakar gidanmu. Shuiliang Chen da abokansa a 2012 sun ƙona karan rama, ramar nan tamu da ake igiya da ɓawonta, suka samu anod mai bututu a tsakiya da ƙofofi a jiki. A shekarar dai suka ƙona kwali mai lunguna, irin na kayan shago, shimfiɗa ɗaya ta ba da amfiya 70 a murabba'in mita, shimfiɗa shida ta kai 390, a gwajin da aka riƙe anod da na'ura aka ciyar da asetat. A 2013 Yong Yuan a ƙasar Sin ya yi da soson wanka, wanda ke yaɗo a kan danga. Soso raga ne da Allah ya riga ya saƙa, ruwa na ratsa shi ta ko'ina, idan aka ƙona shi da kyau siffar ba ta rushewa. Ɓawon gyaɗa da karan gero muna da su tuli, sai dai ɓawon yana zama gutsattsari, kuran sai ya yi ta tsallake daga wannan zuwa wancan, kowace mahaɗa tana cin nata. Idan za a yi da shi, a cusa shi a raga a matse shi sosai a jikin sandar girafit. Ƙwallon goruba yana ba da gawayi mai tauri, amma ramukansa ƙanana ne, ya fi dacewa da tace ruwa.

Ina za a samu digiri 900 ba tare da murhun labo ba? A maƙera. Na tafi da soso da yankakken kwali wajen wani dattijon maƙeri, na cusa su a gwangwanin tumatir babba, na cike gefe da garin gawayi don ya kori iska, na rufe, na huda ƙaramin rami a murfin, na shafe bakin da yumɓu. Ya kalli gwangwanin ya ce, "Malam, soso za ka ƙera?" Na ce, "Baba, ku dai ku ba shi wuta irin ta gatari." Ya binne shi a garwashi, yaronsa ya kama zuga-zugi. Da farko farin hayaƙi ya fito ta ramin, sannan ya kama da wuta kamar fitila, daga baya ya mutu. Aka ci gaba da zuga har gwangwanin ya wuce ja ya koma ruwan lemo, muka riƙe shi a haka kusan awa ɗaya. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi amma idonsa ma'auni ne: ja mai haske yana wajen digiri 800, ruwan lemo ya doshi 900 zuwa 1000. Abu mafi muhimmanci, ba a buɗewa sai ya huce sarai. Wanda ya yi gaggawa, iska ta shiga, toka zai tarar. Soson ya fito ya tsuke, baƙi ƙirin, yana ƙara kamar gilashi idan an taɓa shi, mita kuma ta nuna om kaɗan tsakanin gefe da gefe.

Aibinsa dole a faɗe shi. Yana da saurin karyewa, haɗa shi da waya aiki ne na haƙuri. Tokar da ke jikinsa tana da kanwa-kanwa, sai an wanke shi sau da yawa har ruwan ya daina santsi. Kuma ƙonawar yau ba za ta zama daidai da ta gobe ba. Maganin wannan shi ne a ƙona da yawa a lokaci ɗaya, a auna kowane guntu da mita, a zaɓi waɗanda suka yi kusa da juna.

Yadda za a karanta lambobin

Mu koma ga miliwat 2400 na buroshi. An raba shi ne da faɗin katod, wanda bai wuce murabba'in santimita 7 ba, a cikin 'yar na'ura da ruwanta bai kai cokali biyu na miya ba. Ainihin abin da ta fitar bai kai miliwat 2 ba. Wani ya raba da faɗin anod, wani da yawan ruwa, wani ya ciyar da asetat mai tsabta cikin ruwan da aka ƙara wa fosfat, wani da ruwan kwata. Lambobin da ke sama ba a jera su a ce wannan ya fi wancan sai idan daga gwaji ɗaya suka fito. Tukunyarka idan ta riƙe volt 0.4 a kan rezistans na om 1000, miliwat 0.16 ke nan. Cajar waya mai wat 5 za ta bukaci irinta fiye da 30,000. Wannan ba ya rage darajar aikin. A Bristol, Ioannis Ieropoulos ya haɗa ƙananan batura na yumɓu masu cin fitsari suka haska banɗaki a bikin Glastonbury a 2015, aka kai irinsu wata makarantar 'yan mata a Kisoro ta Yuganda a 2017. A Kharagpur ta Indiya, Makarand Ghangrekar da ɗalibansa sun nuna cewa tukunyar ƙasa na iya maye gurbin Nafion, fata mai tsada da ake raba anod da katod da ita. Fitila, na'urar auna ruwa, da rage dattin ruwa, nan ne gaskiyar abin take a yanzu.

Sau da yawa ma ba anod ne ke riƙe tukunya ba, katod ne. Idan katod ƙarami ne ko ya bushe, ko zinariya ka sa a anod ba za ka ga bambanci ba. Mai gwada anod ya yi katod babba, iri ɗaya a kowace tukunya. A garin nan kuma akwai zafi. Geobacter ta fi jin daɗi a digiri 30 zuwa 35, a watan Afrilu da Mayu kuwa muna haura 40, tukunyar ƙasa na tsotse ruwa tana fitarwa, gishiri ya taru fari a bayanta. A ajiye a inuwa, a riƙa cika ruwa kullum a lokaci ɗaya. Wanda zai yi da ruwan majema ya sani cewa salfaid ɗin da ake cire gashi da shi yana ba da kuran a kan anod ko babu bakteriya, don haka tukunyar da aka tafasa wajibi ce a gefe.

Idan ɗalibin lisans ne da 'yan jikkuna a aljihu, ina ce masa ya ɗauki soso ko kwali da aka ƙona a maƙera, ya gwada da sandar pil, kowanne tukunya uku. Idan mai mastar ne da ke son sakamakon da wani a wata ƙasa zai iya maimaitawa, ya yi odar bargon kabon, ya raba biyu, rabi ya gasa a 450, rabi ya bari, ya sa gawayinmu na uku, domin a ga inda ya tsaya a gaban abin da duniya ta sani. Idan mai son gina babba ne a bakin kwata ko ramin wanka, ragar inoks 316 a matsayin ƙashi, gawayi mai kai kuran a matse a cikinta a matsayin nama, ba tare da an ƙona inoks ɗin ba.

Ɗalibar nan soso ta zaɓa, rabi ta jiƙa a ruwan yuriya ta shanya kafin a kai maƙera, rabi ta bari haka. Lakar daga gefen Gulbi ta ɗebo ta, baƙa mai wari daga ƙasa, ba ta sama ba. Tukwane tara ne yanzu a jere ƙarƙashin tebur, da ta goma wadda aka tafasa. Kwana huɗu na farko babu wadda ta motsa, ta zo ta ce, "Malam, ko sun mutu ne?" Na ce ta rubuta abin da ta gani ta ƙara ruwa. A kwana na tara na soso suka fara hawa, na sandar pil na biye a hankali, ta goma tana nan inda take. Wata biyu za ta yi tana aunawa safe da yamma kafin mu buɗe mu ga abin da ya manne a jikin soson.